Ranar da Goni Kyari Ya Ƙi Sa Hannu

A duk shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da Goni Kyari ya ture takarda daga gabansa ya ce ba zai sa hannu ba. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullin ofis, wannan zan ba ku.

A lokacin ina mataki na tara a ofishinmu na shiyya da ke Gashuwa, kuma ni ne sakataren duk wani kwamiti da aka kafa. Ga waɗanda ba su riƙe wannan aiki ba tukuna, sakataren kwamiti ba shi da ƙuri'a, ba shi da baki a taro. Shi zai aika takardun gayyata, ya tsara ajanda, ya zauna a gefen shugaba yana rubuta abin da kowa ya faɗa. Bayan an tashi sai ya tace bayanan su zama rahoto, mambobi su sa hannu, a buga hatimi, a aika hedikwata. Mutane na ganin aikin kamar na magatakarda ne kawai. Ni ma haka na ɗauke shi.

Wata Litinin a farkon damina takarda ta zo mana daga sama. Jiha na tattara sunayen mutanen da za ta miƙa don a ba su lambar girmamawa ta ƙasa, kuma wasu malaman jami'a sun gabatar da sunan Malam Isiyaku Tasha, marubuci, haifaffen Nguru. A ƙa'ida ba dole ba ne a tambayi kowa. Amma da yake sunan yana da ƙura, aka ce mu kafa kwamiti na mutanen yankinsa mu aika ra'ayinsu cikin mako biyu. Tare da takardar aka haɗo tarihin aikinsa da hoton shafukan littafin da ya jawo ƙurar.

Matasan cikinku ba za su san shi ba. Malam Isiyaku ɗan wani leburan jirgin ƙasa ne, a bayan tashar Nguru ya tashi, shi ya sa ake ce masa Tasha. Ya yi karatun boko mai zurfi, kuma yana da shekara talatin da 'yan kai ya rubuta wani labari da Turanci. A cikin labarin ya sa wani mashayi ya yi wa salla da masu yin ta izgili, ya kuma zana wani liman gurgu mai cin dukiyar marayu. Duk wanda ya san Nguru ya san limamin da ake nufi, domin liman ɗaya ne a garin mai ɗingishi da ƙafar hagu, wato mahaifin Goni Kyari. Gari ya ɗauki zafi. Malam Isiyaku ya bar Arewa, ya daɗe bai dawo ba. Tsohon liman ya rasu bayan shekara biyu.

Sai dai mutumin bai tsaya nan ba. Shekarun da suka biyo baya ya ƙarar da su wajen tattara tatsuniyoyi da kalmomin Bade da na Manga, ya rubuta littattafan karatu na Hausa da aka koyar da yara da su a firamare. Ya kuma yi ta rubutu a jaridu kan ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa ta kashe wa masunta da manoman shinkafa sana'a. Ni mutumin Dagona ne, na san abin da kachala ta yi mana, kuma na san rubutunsa na cikin abin da ya sa hukuma ta waiwayo mu. Duk da haka ban ƙaunace shi ba. Tun ina sakandare nake jin sunansa tare da a'uziyya, kuma kafin zuwan takardar nan ban taɓa ganin ko bangon littafin ba.

Kafin mu aika takardun gayyata maganar ta riga ta fita. Saƙonnin murya suka cika wayoyi. Wannan ya ce mutumin ya yi ridda tun da daɗewa, wancan ya ce a cikin littafin ya taɓa mutuncin Fiyayyen Halitta, sallallahu alaihi wa sallam. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, an gano cewa Malam Isiyaku ya dawo Nguru a ɓoye, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a gidan ƙanwarsa. Aka fara ganin samari suna tsayawa a bakin layin gidan.

Shugaban kwamitin shi ne daraktanmu, Alhaji Maina. Ba mugun mutum ba ne, Allah shaida. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne rikici ya tashi a shiyyarsa a kira sunansa a rediyo. Ana saura kwana biyu taro ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa.

“Sakatare, wannan ba maganar da za a ja ba ce,” in ji shi. “Kowa ya san abin da za a ce. Zauna ka rubuta rahoton yanzu, ranar Laraba a sa hannu a wuce wurin.”

Ya yi mini shifta, na rubuta. Dalilai huɗu ne: cewa mutumin ya bar Musulunci, cewa ya yi ɓatanci ga Manzon Allah, cewa ya yi izgili ga salla da malamai, da kuma cewa bai taɓa janye maganarsa ba. A ƙasa aka ce kwamiti gaba ɗaya ya ƙi amincewa. Na buga a kwamfuta, na fitar da kwafi bakwai, ban ji komai a raina ba. A ganina ma aikin lada nake yi.

Ranar Laraba da ƙarfe goma mambobi suka hallara. Mutum bakwai ne, amma uku kawai za ku buƙaci sani ban da darakta. Akwai Hajiya Amsa, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata. Akwai Malam Sunusi, matashin mai wa'azi da samarin Gashuwa ke ji da shi. Sai Goni Kyari, wanda aka ɗauko daga Nguru. Dattijo ne ɗan ƙarami, siriri, ya haura saba'in da biyar, yana dogara sanda. Goni a wurinmu shi ne wanda ya kai ƙarshe a haddar Alƙur'ani, kuma shi wannan ya rubuta shi da ka har sau huɗu. An saka shi a kwamitin ne don kowa ya tabbata shi zai fara sa hannu. Ai ubansa aka ci wa mutunci.

Bayan addu'a darakta ya raba kwafin, ya miƙa wa Goni biro da hannu biyu. Goni bai karɓa ba. Ya ce shi bokonsa ba shi da ƙarfi, sakatare ya karanta masa, ya kuma fassara. Na karanta. Ya ce in maimaita dalili na biyu. Na maimaita. Sai ya ɗaga kai ya dubi mutanen teburin ɗaya bayan ɗaya.

“A cikinku wa ya karanta littafin?”

Hajiya Amsa ce kaɗai ta ce ta taɓa farawa tana budurwa, ba ta ƙarasa ba.

Malam Sunusi ya gyara zama ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ai ba sai mutum ya sha guba yake sanin guba ce ba.”

“Haka ne, ɗana,” in ji Goni. “Amma wanda zai je gaban alƙali ya ce wane ya zuba guba a rijiya, sai ya gani da idonsa. Mu nan shaida aka kira mu.”

Daga nan ya gaya mana abin da babu wanda ya sani a ɗakin. Ya ce lokacin da littafin ya fito ya shirya zai hau mumbari ya la'anci marubucin, sai mahaifinsa ya hana shi, ya ce kada ya la'anci abin da bai ji ba. Don haka ya nemo wani malamin firamare maƙwabcinsu, kullum bayan la'asar su zauna a zaure, malamin ya karanta jimla ɗaya ya fassara masa, sannan ya wuce ta gaba. Sun yi fiye da wata guda kafin su kai ƙarshe.

Ya ce mini, “Sakatare, an ce an aiko maka da shafukan. Buɗe ka bi ni.”

Na buɗe fayil na fito da su. Abin da ya biyo baya, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba na tsammanin zan sake gani. Dattijon nan ya rufe ido ya fara kawo littafin babi bayan babi da Hausa. Ya faɗi wanda ya shigo, da abin da ya ce, da wanda ya amsa masa, har da launin rigar wata mai sayar da kifi a tasha. Littafin da aka fassara masa sau ɗaya, fiye da shekara talatin da suka wuce. Ina bin shafukan da yatsa, ban kama shi da kuskure ba sai wuri guda da ya musanya sunayen wasu 'yan'uwa biyu, kuma kafin in yi magana ya gyara da kansa. Da ya kai babi na shida ya tsaya.

“A nan mashayin ya yi magana kan salla. Jimla tara ce. Ba zan maimaita su ba, kuma Allah ya tsare harshena. Ƙirga.”

Na ƙirga. Tara ne.

Ya wuce wurin limamin, ya faɗi duk abin da aka rubuta a kan mahaifinsa ba tare da muryarsa ta canja ba. Da ya gama ya buɗe ido.

“Dalilinku na uku gaskiya ne, na huɗu ma ban san ya janye ba. Amma sunan Manzon Allah bai zo a littafin nan ba, ko a fili ko a habaici. Da ya zo, da ni ne farkon wanda zai faɗa. Ridda kuwa, wa ya ji daga bakinsa?”

Darakta ya kira shi da “Ba”, wato Baba da Barbarci, ya ce, “Ba Goni, abin da mutane ke faɗa ne.”

“Alhaji, mutane na faɗa a kasuwa, iska ta kwashe. Kai kuwa hatimin gwamnati za ka buga a kai. Takardar nan kafin ta isa Damaturu ta shiga wayoyi, kai ma ka sani. A bayan tashar Nguru akwai gida da mace ɗaya da majinyaci ɗaya a ciki. In aka zubar da jini a gidan nan, da hannun wa aka zubar?”

Ya sa yatsa biyu ya ture takardar zuwa tsakiyar tebur. Ya ce ba zai sa hannu ba, kuma ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa alhali yana raye, tafiyar awa ɗaya da inda muke zaune. Darakta ya yi maganar ƙurewar lokaci, ya yi maganar tsaro, amma ya san rahoton da babu hannun Goni Kyari ba shi da amfani. Aka tsayar cewa Goni da sakatare su je su ji ta bakin mutumin, a sake zama ranar Litinin.

Washegari da safe na shiga motar ofis na kama hanyar Nguru. An yi ruwa da asuba, fadamu sun fara cika, masunta na gyaran komar kamun kifi a bakin hanya. Na ɗauki Goni a ƙofar gidansa muka nufi bayan tasha. Samari huɗu ko biyar na zaune a kan wani benci a bakin layin. Da suka ga wanda ya fito daga mota suka miƙe suka durƙusa. Ya amsa gaisuwarsu, ya tambaye su ko ba su da gona ne da suke zaune da hantsi a damina. Kafin mu kai ƙofar gidan babu ko ɗaya a wurin.

Ƙanwar Malam Isiyaku, Ya Fanna, ita ta buɗe. Tsohuwa ce ita ma. Da ta ga Goni sai ta tsugunna a bakin ƙofa.

“Ba Goni, ba shi da lafiya. Ko tashi ba ya iyawa.”

“Dubiya muka zo, Fanna. Yi mana iso.”

Ɗakin ƙarami ne, rabinsa kwalaye ne cike da littattafan rubutu. Malam Isiyaku na kishingiɗe a kan katifa, hannunsa na hagu a kwance kamar ba nasa ba, bakinsa ya ɗan karkace. Maganarsa na fita a hankali, amma hankalinsa garau. Ya gane Goni nan take. Suka gaisa da Barbarci, wushe, wushe, kamar mutanen da suka rabu jiya. Goni ya zauna a tabarma ya yi masa addu'ar samun sauƙi, sannan ya gaya masa abin da ya kawo mu ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce ni sakatare ne, zan rubuta amsarsa.

“Isiyaku, kai Musulmi ne?”

“Ban taɓa zama wani abu daban ba,” in ji shi. “Na yi shekaru ba na salla, wannan ba zan ɓoye ba. Na dawo kanta tun kafin ciwon nan.”

Goni ya ce in rubuta. Sannan ya ce yana da tambaya tasa ta kansa, wadda ba ta kwamiti ba.

“Me mahaifina ya yi maka?”

Malam Isiyaku ya ɗaga ido ya dubi rufin ɗaki. Da ya fara magana sai ya zama kamar ba da mu yake ba. Ya ce ubansa lebura ne, yana sha, kowa ya sani. Ranar da ya mutu aka ajiye gawarsa a ƙofar gida tun hantsi, aka aika wa liman, liman ya ce ba zai zo ba. Shi yana da shekara goma sha biyu, yana tsaye yana kallon ƙudaje a kan tabarmar da aka rufe uban da ita. Ya ji mata na cewa haka za a tura shi rami ba salla. Da azahar ta gabato kawunsa ya ja shi ya kai shi wani gida, bai ga yadda aka ƙare ba, kuma bai taɓa tambaya ba don ba ya son jin amsar.

“An yi masa salla,” in ji Goni.

Malam Isiyaku ya juyo da kai ya dube shi.

“Ni na ja ta. Ban kai ashirin ba a lokacin. Mahaifina ya kira ni ya ce, tashi ka je ka sallaci Musulmi, ni in na je mashayan tasha za su ce ba komai ba ne. Mutum goma sha ɗaya ne a bayana. Likkafanin da aka sa masa daga ɗakin mahaifina na ɗauko shi. Amma barin gawa tun hantsi har azahar, da yaro tsaye yana kallo, ban ga daidai ba a ranar, kuma har yau ban gani ba. Allah ya gafarta masa, ya gafarta wa naka.”

Ban san lokacin da na ajiye biro ba. Malam Isiyaku ya juya fuskarsa bango. Ya Fanna da ke bakin ƙofa ta ja gyale ta rufe fuska. Goni ya shiga jan carbinsa.

Da Malam Isiyaku ya juyo ya ce, “Maganar dukiyar marayu ƙarya ce. Ni na ƙirƙira. Ban taɓa jin ko mutum ɗaya ya zarge shi da ita ba. Maganar salla kuma, a bakin mashayi na sa, amma zuciyata ce ta faɗa. Na daɗe ina neman gafarar Allah a kai.”

“Allah Mai gafara ne. Amma a bainar jama'a ka faɗa. Me ya hana ka janye a bainar jama'a?”

“A da girman kai ne ya hana ni. Yanzu kuma in na yi, za a ce don lamba na yi.”

“Kana son lambar?”

Na zaci zai ce ba ya so. Sai ya yi wani ɗan murmushi da rabin bakinsa ya ce, “Ina so, Goni. Ba zan yi maka ƙarya ba. Na yi aiki shekara talatin, ina so ƙasata ta ce ta gani.”

“To ni ma ba zan yi maka ƙarya ba,” in ji Goni. “In aka tambaye ni zan ce ba ka cancanta ba. Lambar ƙasa da sunan kowa ake rataya ta, kuma a cikin kowan nan akwai mutanen da ka yi wa rauni ba ka ɗaure musu ba. Amma ba zan bari a rubuta maka abin da ba ka yi ba.”

Malam Isiyaku ya miƙa masa hannunsa mai lafiya, suka yi musafaha.

A mota na tambayi Goni abin da zan sa a rahoto. Ya ce in rubuta abin da ya shafi kwamiti, abin da ya shafi iyayensu in bar musu. Na yi ƙarfin hali na sake tambaya ko ya yafe wa mutumin. Ya ce nasa haƙƙin ya yafe tun shekarar da aka fassara masa littafin, domin ya ji muryar yaro mai ciwo a ciki, ko da yake bai san ciwon ba sai yau. Na mahaifinsa kuwa ba nasa ba ne balle ya yafe, wannan yana wurin Allah.

Ranar Litinin aka sake zama. Na karanta amsoshin Malam Isiyaku kamar yadda ya ba da su. Hajiya Amsa ta yi magana mai tsawo. Ta ce da littattafansa ta koya wa dubban 'yan mata karatu, kuma bai kamata littafi ɗaya na ƙuruciya ya cinye aikin shekara talatin ba. Malam Sunusi ya ce wanda ya yi wa salla izgili bai janye ba, ba za a rataya masa lambar ƙasar da Musulmi ke ciki ba, ko da ya haƙa kogi da hannunsa. Aka yi muhawara ta gaske, irin wadda da an bi shirinmu na farko da ba a yi ba. Da aka zo ƙuri'a Goni ya faɗi ra'ayinsa kamar yadda ya faɗa wa mutumin a gabansa, amma ya ce ba zai ɗaga hannu ba.

“Ni mai ƙara ne a wannan magana. Mai ƙara ba ya zama alƙali.”

Mutum huɗu suka ƙi, biyu suka amince, ɗaya ya janye. Darakta ya ce in cire dalilai biyun farko kawai, a yi shiru a kansu. Goni ya ce cirewa ba ta isa ba, tun da maganar ta riga ta zagaya gari. Sai an rubuta a fili cewa kwamiti ya bincika zargin ridda da zargin ɓatanci ga Manzon Allah, ya same su ba gaskiya ba. Ya kuma ce a rubuta ayyukan mutumin na alheri dalla-dalla, da ra'ayin mutum biyun da suka goyi bayansa. Darakta ya dubi Malam Sunusi, yana tsammanin zai yi gardama. Malam Sunusi ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya yaɗa zargin a wa'azinsa ba tare da ya bincika ba, kuma zai gyara. Ranar Juma'a ya hau mumbari ya gyara ɗin. Ya ce har yanzu yana kan bakansa cewa mutumin bai cancanci lamba ba, amma duk wanda ya taɓa gidan nan ya taɓa jinin Musulmi. Daga ranar ba a sake ganin kowa a bakin layin ba.

Na buga sabon rahoto, shafi biyar maimakon ɗaya. Na karanta wa Goni shi tun daga farko har ƙarshe, sannan ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami. Bayan an watse darakta ya tsayar da ni a baranda, ya ce a hankali, “Sakatare, wancan na farkon, goge shi. Allah ya rufa mana asiri.” Na goge, na yayyaga kwafin bakwai da hannuna.

Da jerin sunaye ya fito babu na Malam Isiyaku. Bayan mako uku da fitowarsa ya aika wasiƙa da Hausa gidan rediyo, ya ce a karanta. A ciki ya janye maganarsa kan salla, ya wanke tsohon liman daga zargin dukiyar marayu, ya kuma ba da labarin jana'izar mahaifinsa da wanda ya ja sallar. Shi ya sa nake iya ba ku labarin yanzu, don shi ya fara fitar da shi. Wasu suka ce ya makara. Wasu suka ce yanzu a sake miƙa sunansa, amma bai kai wani zagayen ba, ya rasu a damina ta gaba. Goni Kyari ma ya bi shi bayan 'yan shekaru. Allah ya jiƙansu duka.

Ko ya cancanci lambar ko bai cancanta ba, har yau ana wannan gardama a gidana. Uwargidana na tare da Malam Sunusi, babbar 'yata na tare da Hajiya Amsa, ni kuma ra'ayina ya danganta da ranar da aka tambaye ni. Abin da ba na shakka a kansa shi ne abin da ya shafi kujerar nan da ɗayanku zai gada. Na yi shekaru ina ganin kaina mai rubutu kawai, wanda laifi ba ya hawa kansa tun da ba shi ya faɗa ba. Ashe jita-jita ba ta da ƙafa sai ta samu sakataren da zai buga ta, ya sa mata lamba da kwanan wata. Za a zo muku da gaggawa, za a ce kowa ya san maganar, kuma sau da yawa mutumin da ake magana a kansa zai kasance wanda ku ma ba ku so. A irin wannan rana ce aikinku yake farawa. Ni sai da na kusa tsufa a ofis kafin in koya, kuma ba a kwas na koya ba. Wani dattijo mai sanda ne ya koya mini, wanda ya fi duk mutanen ɗakin dalilin yin fushi, amma ya fi mu duka tsoron a rubuta ƙarya da sunansa a ƙasa.